Lanƙwasasshiyar Allura da Amanar Mai Saye: Hukuncin Mayar da Madabod Bayan Ya Lalace

Daga cikin mas'alolin ciniki da zamani ya zo da su akwai wadda ido ke rainawa, alhali tana taɓa tushen abin da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa a babin saye da sayarwa, wato mas'alar mutumin da ya sayi babban allon kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira madabod, ya zo ɗora masa furosesa sai aka wayi gari wasu daga cikin alluran da ke cikin mazauninta sun lanƙwashe, sannan ya koma wurin mai sayarwa yana neman a karɓi kayan a mayar masa da kuɗinsa. Tambayar da ke tasowa ta kasu biyu: ta farko ita ce wa zai ɗauki asarar idan an je gaban mai hukunci, ta biyu kuma, wadda ta fi nauyi, ita ce me ya halatta mai sayen ya faɗa da bakinsa a lokacin da ya san babu wanda zai iya ƙaryata shi. Amsar ta farko tana tafiya da hujja da alamu, amsar ta biyu kuwa tana tafiya da abin da mutum ya sani a ransa, kuma ba kullum amsoshin biyu ke haɗuwa ba.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

Furosesa ita ce ƙaramar na'urar da ke gudanar da lissafin kwamfuta gaba ɗaya, kuma tana haɗuwa da madabod ta hanyar wani gurbi mai kusurwa huɗu da ake kira soket, inda ɗaruruwan mahaɗan lantarki ke taɓa juna. A tsohon tsari, wanda ake kira PGA, alluran suna jikin furosesar ne, soket kuma ramuka ne kawai da suke shiga. A shekarar 2004 kamfanin Intel ya juya lamarin a kwamfutocin tebur da soket ɗin LGA 775, inda ya mayar da alluran cikin soket, ya bar ƙasan furosesar da ɗige-ɗigen zinariya shimfiɗaɗɗu, kuma lambar da ke bin sunan tana nuna yawan mahaɗan. Daga nan yawansu ya ci gaba da hauhawa, har LGA 1700 ya fito a 2021. Kamfanin AMD ya riƙe tsohon tsarin a soket ɗinsa na AM4 mai allurai 1331, sannan shi ma ya koma sabon tsarin a 2022 da AM5 mai allurai 1718. Sakamakon wannan sauyi shi ne wurin da ya fi saurin lalacewa ya tashi daga kayan mai ƙera furosesa ya koma kayan mai ƙera madabod, irin su ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock.

Alluran nan siraran ƙarafa ne masu ɗan lanƙwasa a kai, an jera su a karkace, tazarar da ke tsakanin kowane biyu ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma an yi su ne domin su ɗan danne su dawo idan aka saukar da furosesa a kansu a miƙe. Idan furosesar ta suɓuce daga yatsu ta faɗa da gefenta, ko aka ɗora ta ba tare da an daidaita alamar kusurwa uku da ke gefenta da ta soket ba sannan aka danne mariƙin, ko bakin hannun riga ya ja su, ko aka mayar da murfin roba ba bisa ƙa'ida ba, to wasunsu za su kwanta ko su haɗe da maƙwabtansu. Wanda ya karkata allon a ƙarƙashin fitila zai ga jerin alluran suna ƙyalli iri ɗaya, in ban da wani ɗan wuri da hasken ya saɓa, kuma nan ne ɓarnar take. Abin da ke biyo baya ya danganta da aikin allurar da abin ya shafa, domin wata kwamfutar ba za ta tashi ba sam, wata za ta tashi amma ta kasa ganin rabin ma'ajiyarta ta RAM, wata kuma za ta yi aiki lafiya idan allurar tana cikin masu yawa da ke ɗaukar wuta iri ɗaya. Saboda haka ne littattafan jagora na masu ƙera madabod suke bayyana cewa garanti bai shafi ɓarnar da ta samu alluran ta dalilin kuskuren ɗorawa ba, kuma suke sharɗanta a mayar da murfin soket kafin a aiko da allon domin gyara.

Muhimmin abin lura a nan shi ne, allurar da ta lanƙwashe a masana'anta, da wadda ta lanƙwashe a hannun wani mai saye na farko da ya mayar da kayan aka sake rufe kwalin, da wadda ta lanƙwashe a hannun mai saye na yanzu, sau da yawa kamanninsu ɗaya ne, kuma babu wata alama a jikin ƙarfen da ke nuna ranar da abin ya faru. Daga wannan rashin shaida ne dukkan wahalar mas'alar ta samo asali.

Tsohon aibi da sabon aibi

A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Khalil ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, aibi shi ne duk nakasun da ke rage darajar kaya ko amfaninsa a al'adar mutane, kuma wanda ya sayi abu sannan ya gano yana da aibin da ya riga cinikin yana da zaɓi tsakanin ya riƙe shi a yadda yake ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sharaɗin wannan zaɓi shi ne aibin ya kasance tsoho, wato ya samu kayan tun yana cikin lamunin mai sayarwa, lamuni kuwa shi ne ɗaukar asarar abu idan ya lalace. Kayan da aka saya ba a gan shi ba, aka dogara da siffantawa, kamar yadda ake yi a cinikin intanet, yana nan cikin lamunin mai sayarwa har ya isa hannun mai saye, don haka ɓarnar da ta auku a hanya ba ta kan mai saye. Amma da zarar ya karɓa, ribar kayan da asararsa sun zama nasa, bisa ƙa'idar da aka ciro daga hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa amfanin abu yana ga wanda ke ɗauke da lamuninsa.

Wannan ya nuna cewa wanda furosesa ta suɓuce masa ta lanƙwasa allurai ba shi da haƙƙin mayarwa, ko da kuwa bai yi da gangan ba. Gaskiya ne cewa ƙarshen suratul Baƙara ya koyar da muminai roƙon kada a kama su da mantuwa da kuskure, kuma an karɓi roƙon, sai dai malamai sun rarrabe tsakanin ɗauke zunubi da ɗauke lamuni, inda suka tabbatar cewa ganganci da kuskure daidai suke a kan dukiya ta fuskar biya. Mai kuskure ba shi da laifi a wurin Allah, amma rashin laifinsa ba ya sa asarar ta tashi daga kansa ta koma kan wanda bai taɓa kayan ba.

Malikiyya sun kuma yi magana a kan halin da aibi biyu suka haɗu, kamar a ce allon ya zo da matacciyar hanyar RAM tun daga masana'anta, sannan mai saye ya lanƙwasa allurai a lokacin da yake cire furosesarsa domin ya mayar da shi. A nan suna ba shi zaɓi tsakanin ya riƙe kayan a rage masa ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar da shi tare da biyan abin da sabon aibin ya rage, hukuncin da ya fi kusa da adalci fiye da ƙin karɓar kayan ɗungurungum, domin ya ɗora wa kowa gwargwadon abin da ya auku a hannunsa. Haka nan sun ce wanda ya ga aibi sannan ya ci gaba da amfani da kayan ya nuna yarda, kuma zaɓinsa ya faɗi, wanda hakan ke nufin cewa mai sayen da ya buɗe kwali ya ga allura a kwance, maimakon ya ɗauki hoto ya rufe ya sanar, sai ya ɗauko hantsaki da gilashin ƙara girma ya shiga miƙar da ita, ya raunana matsayinsa da hannunsa.

Hujja, zato da rantsuwa

Idan ɓangarorin biyu suka saɓa a kan tsufan aibin, asalin ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Khalil ya tafi a kan cewa maganar mai sayarwa ake bi, sai idan masana sun ba da shaidar da ta goyi bayan mai saye, kuma duk wanda ba a yanke da gaskiyarsa ba sai ya rantse, har ma ya halatta a karɓi bayanin masanin da ba Musulmi ba idan ba a sami wani ba, domin abin da ake nema a wurinsa sani ne na sana'a. Masanin wannan zamani shi ne mai gyaran da zai duba ko akwai sawun man sanyaya a gefen soket, ko alamar an taɓa ɗaura fanka a ramukan kusoshi, ko hatimin kwalin ya taɓa buɗewa. Waɗannan alamu suna nuna cewa an taɓa ɗora furosesa a kan allon, amma ba sa faɗin wanda ya ɗora ta.

Dokar Tarayyar Turai ta bi wata hanyar, domin umarninta na 2019, wanda ya fara aiki a farkon 2022, ya ɗauka cewa aibin da ya bayyana cikin shekara guda da karɓar kaya yana nan tun ranar karɓa, sai idan mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka, ko kuma yanayin aibin bai dace da wannan zato ba, kuma da wannan togaciya ce mai sayarwa zai iya kafa hujja a kan lanƙwasassun allurai. Ko an fara da gaskata mai sayarwa ko an fara da gaskata mai saye, dukkan hanyoyin biyu zato ne da aka kafa domin a yanke husuma, kuma kowanne zai zalunci wani mai gaskiya a wani lokaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan wannan a hadisin Ummu Salama da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya bayyana cewa yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wanda ya fi iya tsara magana har aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, abin da ya karɓa yanki ne na wuta. Idan hukuncin Annabi bai halatta haram ga wanda ya san gaskiya ba, to amincewar ma'aikacin kamfani da ya duba takardar mayarwa ba za ta halatta shi ba.

Halaye uku na mai saye

Tunda shaidar waje ta gaza, hukuncin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa yana komawa ga sanin mai saye, wanda ba ya wuce halaye uku. Na farko shi ne wanda ya duba soket kafin ya taɓa shi ya ga ɓarnar, ko ma bai buɗe kwalin ba, kuma wannan yana da cikakken haƙƙi, ya halatta ya nace, ya kai ƙara, ya rantse. Na biyu shi ne wanda ya ji lokacin da furosesar ta faɗa, ya san hannunsa ne, kuma idan wannan ya ce “a haka na same shi”, ko ya zaɓi gurbin da ke cewa kayan ya iso a lalace a takardar mayarwa, ya haɗa ƙarya da cin dukiyar mutane da ɓarna, abin da aya ta 29 a suratun Nisa'i ta hana, domin yardar da mai sayarwa ya bayar an gina ta ne a kan labarin da ba gaskiya ba, yardar da aka samo ta hanyar yaudara kuwa ba yarda ba ce.

Hali na uku ya fi yawa kuma ya fi wuya, wato wanda bai duba ba kafin ya ɗora, bai ji wani abu ya faɗi ba, sai da kwamfutar ta ƙi tashi ya cire furosesar ya ga ɓarnar. Zuciya tana saurin mayar da “ban sani ba” ya koma “ba ni ba ne”, musamman idan kuɗin da ke ciki masu yawa ne. Abin da ya wajaba a kan irin wannan shi ne ya faɗi daidai abin da ya sani, cewa ya ɗora furosesa, bai duba ba tun farko, kuma daga baya ya ga alluran a kwance, sannan ya bar masana da ƙa'idar kamfani su yi aikinsu. Idan aka mayar masa da kuɗi a kan wannan bayani, halal ne ya karɓa. Amma ba shi da damar rantsewa a kan yaƙinin da ba shi da shi, domin Risala ta sanya mai rantsuwa cikin shakka a layi ɗaya da mai rantsuwa a kan ƙarya da gangan, rantsuwar da ake kira gamusa saboda tana dulmiya mai ita cikin zunubi, kuma kaffara ba ta kankare ta.

Ana kawo uzurori biyu domin a sassauta wannan hukunci. Na farko shi ne kamfanin babba ne, allo ɗaya ba zai girgiza shi ba, wanda amsarsa ita ce haramcin dukiya bai rataya da talaucin mai ita ba, kuma asarar ba ta tsayawa a kan kamfanin, domin ko dai a ƙara ta a farashi, ko a tsaurara ƙa'idar mayarwa har mai gaskiya ya rasa haƙƙinsa, ko allon ya koma kanta a sayar wa wani. Na biyu shi ne masu kamfanin ba Musulmi ba ne, wanda aya ta 75 a suratu Ali Imrana ta rushe, inda ta zargi waɗanda suke ganin ba su da laifi idan suka ci amanar wanda ba nasu ba, kuma tarihin hijira ya nuna Annabi ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu a daidai lokacin da suke neman ransa.

Nauyin da ke kan mai sayarwa da mai gyara

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin duhun da ke ba mai saye damar ƙarya shi ne yake ba mai sayarwa damar ƙin gaskiya. A farkon 2022 tashar Gamers Nexus ta YouTube ta bayyana yadda kamfanin Newegg na Amurka ya ƙi mayar mata da kuɗin wani madabod na Gigabyte da ta mayar ba tare da ta buɗe shi ba, bisa da'awar cewa ita ta lalata alluran, sannan aka sami takarda manne a jikin allon da ke nuna cewa an taɓa aika shi wurin maƙerinsa da wannan ɓarnar tun kafin a sayar da shi, lamarin da ya sa kamfanin ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Sayar da kayan da aka san aibinsa ba tare da bayani ba shi ne algus ɗin da hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya yi magana a kai, lokacin da Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma nisanta mai algus daga kansa.

Rubutun da ake gani a ƙasan rasit a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da shagunan Kano da Abuja, cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, ya yi kama da abin da fiƙihu ke kira cinikin barrantar da kai daga aibi, wanda Hanafiyya suka faɗaɗa, Malikiyya kuma suka ƙuntata ƙwarai, kuma ba su yarda ya kare wanda ya san aibi ya ɓoye ba. Muwaɗɗa ta kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi irin wannan ciniki a kan dirhami 800, da mai saye ya kai ƙara sai Halifa Usman ya nemi Abdullahi ya rantse cewa bai san da aibin ba, shi kuwa ya ƙi rantsewa ya karɓi abinsa. Dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018 ita ma ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da ke da aibi. Game da mai gyara kuwa, wanda ake kai wa kayan domin ya haɗa, Malikiyya suna lamuntar da masu sana'a a kan abin da suka karɓa suka keɓanta da shi, saboda maslahar tsare dukiyar jama'a, don haka idan ɓarnar ta auku a teburinsa shi zai biya, kuma tura mai kayan ya je ya yi wa mai shago ƙarya ƙarin laifi ne a kan na farko.

Ƙofar iƙala

Shari'a ba ta bar mai kuskure ba tare da mafita ba, domin ta buɗe masa ƙofar iƙala, wato warware ciniki da yardar ɓangarorin biyu ba tare da ɗayansu yana da haƙƙin tilasta ɗayan ba, kuma hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito ya yi wa mai karɓar irin wannan roƙo alkawarin cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wanda ya je ya ce, “Alhaji, hannuna ne ya ɓata shi, amma a duba a taimaka mini,” ya tsaya a matsayin mai neman alfarma, kuma duk abin da ya samu daga nan, ko ragi a kan sabon allo, ko a aika da shi a sauya soket a kan kuɗin gyara, ko a mayar masa da wani kaso, halal ne tsantsa. Haka nan idan shago yana da ƙa'idar karɓar kaya ko da mai saye ne ya lalata shi, amfani da ita ba laifi ba ne matuƙar an amsa tambayoyinta da gaskiya, tunda mai dukiya ne ya yi sharaɗin da kansa.

Ana iya ƙin roƙon, kuma a nan ne farashin gaskiya yake bayyana, domin maƙaryaci zai iya komawa gida da sabon allo, mai gaskiya kuma ya koma da lalataccen nasa. Addini bai yi alkawarin cewa gaskiya za ta fi riba a kowane ciniki ba. Abin da hadisin Hakim ɗan Hizam a Bukhari da Muslim ya rataya a kan gaskiya da bayyana aibi shi ne albarka, ya kuma rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa, sannan ya ɗora sharaɗin a kan mai saye da mai sayarwa tare. Ma'aunin da ya rage wa kowannensu shi ne ya tambayi kansa ko ɗayan zai amince da wannan mayarwa, ko da wannan ƙin karɓa, da a ce ya san duk abin da shi ya sani game da allon. Idan amsar ita ce ba zai amince ba, to kuɗin da ake jayayya a kansu na ɗayan ne, ko da wane ɓangare takardar kamfani ko hukuncin alƙali ya bai wa gaskiya.